An hana wuta, amma karan yana nan a gona

'Yan'uwa manoma, duk inda aka kafa dokar hana ƙona kara da bambaro, tambaya ɗaya ake fara yi mana mu malaman gona: to, yaya za mu yi da su? Kuna da gaskiya. Doka wuta take hanawa, ba ta kwashe wa kowa tushiya.

Illar hayaki ga masu asma da yara sananniya ce. Asarar ƙasar gona ce ba a gani. Wuta tana cinye kusan duk naitirojin da ke cikin kara, sinadarin da muke sayen yuriya dominsa. Toka takan sa shuka ta yi kyau da farko, mai gona ya ɗauka ya ci riba, alhali ƙasar ta zauna tsirara, ruwa na wanke ta, damshi ba ya daɗewa. Ingila ta haramta ƙona tushiya tun 1993, kuma noman alkama bai tsaya ba.

Amma kada a ɓoye muku wahalar. A Indiya kotun muhalli ta hana ƙonawa a 2015, har yanzu ana cinna wuta a jihohin Punjab da Haryana duk da tara. Ba taurin kai ba ne. Tsakanin yankan shinkafa da shukar alkama mako biyu zuwa uku ne kacal, wanda ya makara zafi zai riski alkamarsa tana cika ƙwaya. Waɗanda suka samu injin Happy Seeder, mai shuka iri ta cikin bambaro ba tare da huɗa ba, su ne suka fita daga wannan ƙangi. Doka in babu kayan aiki, a ganina, ƙaramin manomi take hukuntawa.

Ga inda aka fi yin kuskure. Idan ka binne busasshen kara dab da shuka, ƙananan halittun da ke ruɓar da shi za su janye naitirojin ɗin ƙasa, tsiro ya yi rawaya, ka ce dokar ce ta cuce ka. Sassara karan tun ranar girbi, ka baza shi ko'ina, ka ba shi makonni, sannan ka ɗan ƙara taki a farkon shuka. Sai bayan 'yan shekaru ƙasar ke laushi ta riƙe ruwa.

Karan da tsutsa ko cuta ta kama kuwa, kada ka bar shi a gona. Kwashe shi ka ba dabbobi, ko ka zuba shi a ramin taki ya ruɓe sarai.