Waiwaye: ina ɗan Bayahude mai matsakaicin maki yake zuwa karatu a Amurka?

Duk shekara daga wajen watan Agusta har zuwa Janairu, lokacin da yara 'yan ajin ƙarshe na sakandare ke cike fom ɗin shiga jami'a a Amurka, akwai wata tambaya da ke yawo a tsakanin iyaye Yahudawa, tambayar kuwa ita ce: ɗana ba daƙiƙi ba ne amma kuma ba shi ne na ɗaya a aji ba, makinsa B ne, wato wajen 3.0 a ma'aunin da ƙarshensa 4.0, to wace makaranta ce za ta ɗauke shi kuma ya samu 'yan uwansa Yahudawa a ciki? Mutum zai ce meye abun tambaya a nan, ai makarantu sun fi dubu uku a ƙasar. To amma tambayar tana da tarihi, kuma tarihin ya kai shekara ɗari.

Tsakanin 1880 da 1924 Yahudawa kusan miliyan biyu suka kwararo Amurka daga Rasha da Poland da sauran gabashin Turai, yawancinsu talakawa futuk, suka cika unguwannin Niyok suna aikin ɗinki a masana'antun tufafi. 'Ya'yansu suka rungumi boko hannu bibbiyu. A lokacin shiga Harvard ko Yale ko Columbia ba wani abun tashin hankali ba ne kamar yanzu, jarrabawa ce, in ka ci kuma kana da kuɗin makaranta shikenan ka shiga. 'Ya'yan masu kuɗi Kiristoci 'yan Furotesta ma ba su damu da karatun ba sosai, C ya ishe su, hasali ma a tsakaninsu abun kunya ne a ga kana yawan duƙufa a kan littafi, sun fi ba wa ƙwallo da kulob-kulob muhimmanci. Kenan matsakaicin maki bai taɓa hana kowa shiga Harvard ba a wancan zamanin in dai ɗan gidan wane ne.

Sai ga yaran unguwar talakawa suna cinye jarrabawar. A Harvard Yahudawa sun tashi daga kashi 7 cikin ɗari a 1900 zuwa sama da kashi 21 a 1922. Shugaban jami'ar A. Lawrence Lowell ya fito ɓaro-ɓaro a shekarar ya ce a ƙayyade su kar su wuce kashi 15, wai don amfanin kansu ma, wai in sun yi yawa ƙiyayyarsu za ta ƙaru. Jaridu suka yi caa, kwamitin malamai ya ƙi amincewa da ƙayyadewa a fili, amma ba a daɗe ba aka bi ta bayan gida. Fom ɗin shiga ya fara tambayar addini, da sunan gidan su uwa kafin aure, da garin da aka haifi uba, harda tambayar ko kai ko mahaifinka kun taɓa canza suna. Aka shigo da hoto, da wasiƙar shaida daga malami, da intabiyu, da wani abu da ake kira duba hali da ɗabi'a wanda ba wanda zai iya auna shi sai mai ɗaukan ɗalibai. Aka ce kuma ana son ɗalibai daga kowane lungu na ƙasar, wanda ma'anarsa a aikace a rage 'yan Niyok. Yale ta ƙara da fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibanta. Columbia ma ta riga su, ita tun kafin 1922 ta sauke nata adadin daga wajen kashi 40 zuwa kusan rabin haka. Mu a nan in an ce kota abun da ke zuwa mana shi ne gurbin da ake ware wa jihohin da aka bari a baya a boko don a jawo su ciki, to wannan kotar ta Amurka akasin haka ce, rufi ne aka ɗora wa mutane a ka. Abun mamaki, yawancin waɗannan matakai har yau da su ake ɗaukan ɗalibai a can, an dai daina amfani da su a kan Yahudawa ne.

In an zo ba da wannan labari an fi kawo sunayen haziƙai, kamar Richard Feynman wanda Columbia ta ƙi ɗauka ya tafi MIT daga baya ya ci kyautar Nobel. Amma ni a ganina irin su Feynman ba su ne suka fi jin jiki ba, haziƙi ko ta ina zai samu mafita. Wanda ƙofa ta rufe masa gam shi ne yaro mai matsakaicin maki. In gurbi goma ne kacal aka ware wa mutanenku kuma masu nema ɗari, ai sai na ƙwarai cikin na ƙwarai, shi kuma ɗan Furotesta mai C yana nan yana shiga abunsa ba wanda ya tambaye shi komai.

To ina sauran suka nufa? Wasu City College ta Niyok, wadda aka kafa a 1847 kuma a lokacin karatu kyauta ne, har ana mata kirari da Harvard ɗin talaka, can Jonas Salk mai rigakafin shan inna ya yi digirinsa na farko. Sai dai ita ma da masu nema suka yi yawa makin shigarta ya hau sama sosai, mai B ba lallai ya samu karatun rana ba, sai dai na dare bayan ya taso aiki. Wasu suka tafi NYU su biya kuɗi. Waɗanda iyayensu suka ɗan samu hali kuwa sai suka hau jirgin ƙasa suka nufi jami'o'in gwamnatin jihohi na tsakiyar ƙasar, Wisconsin, Michigan, Illinois, Ohio, wasu har Alabama a kudu, wuraren da wani yaron garin bai taɓa ganin Bayahude ido da ido ba. A irin wannan waje ne aka haifi Hillel, ƙungiyar ɗalibai Yahudawa, a jami'ar Illinois a 1923, wani matashin malamin addinin Yahudu mai suna Benjamin Frankel ya fara ta, ƙungiyar Yahudawa ta B'nai B'rith ta ɗauki nauyinta ba da jimawa ba. Ku lura ba a Harvard aka fara ta ba. An fara ta ne a cikin gonakin masara, inda yara suke nesa da gida ba su da wurin ibada ba su da inda za su ci abincin daren Asabar, wato abincin da suke taruwa su ci ranar Juma'a da daddare don shiga ranar hutunsu ta addini. Yau Hillel na da rassa a ɗaruruwan makarantu kuma jerin da take fitarwa na yawan ɗalibai Yahudawa a kowace jami'a shi ne abu na farko da iyaye ke buɗewa.

Bayan yaƙin duniya na biyu abubuwa suka fara sassautawa. Dokar 1944 ta biya wa tsofaffin sojoji kuɗin karatu, makarantu suka cika. A 1948 abubuwa uku suka faru kusan a tare: jihar Niyok ta yi dokar hana wariya wajen ɗaukan ɗalibai, ta kuma kafa babbar jami'arta ta SUNY wadda ƙorafin wariyar makarantu masu zaman kansu na cikin dalilan kafa ta, sannan Yahudawa suka buɗe tasu jami'ar Brandeis a garin Waltham na Massachusetts, da sunan Louis Brandeis Bayahude na farko a kotun ƙolin ƙasar, kuma ba su rufe ƙofa ga kowa ba. Masu riƙo da addini sosai dama suna da Yeshiva College tun 1928, aka buɗe wa mata Stern a 1954, Touro ta zo a farkon shekarun 1970.

Amma wariyar ba ta mutu dare ɗaya ba. A makarantar likitan haƙori ta jami'ar Emory, daga 1948 zuwa 1961, kashi 65 na ɗalibai Yahudawa ko dai an kore su da sunan sun faɗi ko an sa su maimaita aji. Da yawansu sun tsufa suna ɗauka su ne ba su da ƙoƙari, wasu ko matansu ba su faɗa wa an taɓa korarsu ba saboda kunya, sai a 2012 jami'ar ta tara su ta ba su haƙuri. Stanford ita sai a 2022 ta amsa cewa a shekarun 1950 ta rage ɗaukan yara daga sakandaren Beverly Hills da Fairfax don ta san Yahudawa ne suka fi yawa a can.

Zuwa ƙarshen shekarun 1960 ƙofofin manyan makarantun sun buɗe, Yahudawa suka cika su, daga nan kuma wata sabuwar matsala ta taso wa mai B, wannan karon daga cikin gida. Al'umma ce da karatu ya zame mata abun tinƙaho, binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna kusan shida cikin goma na manyansu na da digiri, ninki biyu na sauran Amurkawa. A wurin biki ko bayan ibada hirar ita ce ɗan wane ya samu Penn, 'yar wance ta samu Cornell. Uwar da ɗanta bai kai nan ba sai ta yi shiru. Ga mujallar U.S. News ta fara jera jami'o'i daga na ɗaya zuwa ƙasa a 1983, ga fom guda da ake tura wa makarantu da yawa lokaci ɗaya ta intanet, masu nema suka ninka, har a 2022 Harvard ba ta ɗauki ko kashi 4 na masu nemanta ba. Yanzu mai A ma ba shi da tabbas balle mai B.

Shi ya sa tambayar ta koma kan abubuwan da wanda ba ya ciki ba zai taɓa kawowa a ransa ba. Akwai kicin na kosha, wato abincin da ya halatta a addininsu, inda ba a haɗa nama da madara, ko dai sandwic ne a firji? Bukukuwan Rosh Hashana da Yom Kippur suna faɗowa a Satumba ko Oktoba, daidai farkon zango, malamai za su ɗaga wa yaro ƙafa in gwaji ya faɗo ranar? Ga masu tsananin riƙo, daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa bayan faɗuwar ranar Asabar ba sa taɓa kayan lantarki, to ɗakunan kwanan ɗalibai yanzu da kati ake buɗe su, sai ka ga uba yana buga waya ofishin hostel yana tambaya ko za a ba ɗansa makullin ƙarfe, kuma a sa shi a hawa na ƙasa don ba zai danna lifta ba. Ana samun maza goma da za su cika jam'in addu'a kullum? Akwai gidan ƙungiyar addini ta Chabad, irin wanda aka fara buɗewa kusa da jami'ar UCLA a Los Angeles a 1969, inda malami da matarsa ke dafa wa ɗalibai abincin daren Asabar kyauta? Akwai kuma wadda ba a cika faɗa da ƙarfi ba amma tana nan a zuciyar kowace kaka, ko yaron zai samu matar aure Bayahudiya a can. Yawancin Yahudawan Amurka fa ba masu tsananin addini ba ne, su abun da suke so kawai kar ɗansu ya zama shi kaɗai.

Sai batun kuɗi, makarantu masu zaman kansu da yawa sun haura dala dubu 80 a shekara in an haɗa da kwana da abinci, kuma wasu iyayen sun riga sun zubar da kuɗi shekara goma sha biyu a makarantun Yahudawa na kuɗi. A nan ƙananan kwalejoji suka gano kasuwa. Muhlenberg da ke Allentown a Pennsylvania asalinta ta cocin Lutheran ce, amma ta gina Hillel mai ƙarfi, ta sa kicin na kosha a tsakiyar babban ɗakin cin abinci, tana rage wa mai B kuɗi, har Yahudawa suka kai wajen kwata na ɗalibanta ko fiye. Goucher a Maryland, jami'ar Hartford, Hofstra, duk irin layin nan ne. Vanderbilt ma a farkon shekarun 2000 ta fito fili tana zawarcin ɗalibai Yahudawa, ta gina masu cibiya a 2002, sai dai ita masu A take nema. Cikin na gwamnati kuwa Rutgers, Maryland, Binghamton, Indiana, Florida da Central Florida kowace na da dubbai.

Abun da na lura da shi a wannan tarihi, kuma shi ya fi ba ni takaici a madadin mai B, shi ne duk makarantar da irinsa suka je suka raya, bayan shekara ashirin sai ta fi ƙarfin ƙannensu. Michigan da kakanni suka tafi don an hana su gabas yanzu ɗan wata jiha sai yana da maki na fitar hankali. Tulane a New Orleans da ake ɗauka makarantar da za a faɗa in an rasa ta farko, yau wani zubin ko ɗaya cikin bakwai ba ta ɗauka. Maryland haka, Binghamton haka, NYU ma ba a magana.

Daga 7 ga Oktoban 2023, da harin Hamas da yaƙin Gaza da ya biyo baya, lissafin ya sake birkicewa. Zanga-zangar goyon bayan Falasɗinawa ta mamaye manyan jami'o'i, a Disamba majalisar dokokin ƙasar ta titsiye shugabannin Harvard da Penn da MIT, ta Penn ta sauka a watan, ta Harvard a Janairu, ta Columbia a Agustan 2024 bayan ɗalibai sun kafa tantuna a harabar. Ƙungiyar ADL mai yaƙi da ƙin Yahudawa ta fitar da sakamako irin na 'yan makaranta a Afrilun 2024, ta ba Harvard F, ta ba Brandeis da Elon A. Ba duk Yahudawa suka yarda da wannan ma'auni ba, wasu shugabannin Hillel sun ce bai nuna yadda rayuwa take a makarantunsu ba, wasu sun ce ana cakuɗa sukar Isra'ila da ƙin Yahudawa, kuma cikin masu kwana a tantunan akwai ɗalibai Yahudawa, yayin da ɗalibai Musulmi da Larabawa su ma suke kai nasu ƙorafin tsangwama. Amma iyaye da yawa sun tsorata da gaske. Brandeis ta tsawaita wa'adin karɓar masu son sauya makaranta, gwamnan Florida Ron DeSantis ya sa a sassauta wa masu son komawa jami'o'in jiharsa.

To sai ga shi yaran da a da Columbia ko Penn suke hari yanzu wasunsu suna tura fom Florida da Miami da Tulane da Elon, wuraren da mai B yake ganin nasa ne. Jami'ar Florida dama ta riga ta yi masa nisa, don haka shi sai ya ƙara gangarawa, Central Florida, Florida Atlantic, Arizona, Kansas, Towson, Delaware in ya yi sa'a, kuma kafin 1 ga Mayu dole ya zaɓi ɗaya ya biya kuɗin kama gurbi.