Guguwa Ta Doso Orlando, Ka Riga Ka Biya Kuɗin Disney: Wa Zai Mayar Maka Da Me?

Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba kowace shekara, lokacin guguwa ne a Tekun Atilantika, kuma abin ya fi ƙamari daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba. Wani ɓangare na wannan lokaci ya faɗa cikin dogon hutun makaranta, sa'ad da iyalai ke kwasar yara zuwa Orlando a jihar Filorida ta Amurka, garin da manyan wuraren wasa na Walt Disney World da Universal da SeaWorld suke. Magidanci ya yanki tikitin jirgi, ya kama ɗakin otel, ya biya kuɗin shiga wuraren wasa, saura kwana biyar a tashi sai ga labari wai guguwa ta doso. Ya fasa ko kada ya fasa? In ya fasa, kuɗinsa fa?

Tsoron da hotunan talabijin suka jefa maka ba ya cikin lissafi. Abin da ake dubawa shi ne irin sanarwar da hukuma ta fitar, da ranar da ta fitar da ita, da kuma hannun wanda ka damƙa wa kuɗinka.

Hukumar da kowa ke saurare ita ce Cibiyar Kula da Guguwa ta Amurka da ke Miami. A ma'auninta, idan ƙarfin iska ya kai kilomita 63 a sa'a, hadarin ya zama ƙaramar guguwa kuma a nan ake raɗa mata suna. Idan ya kai kilomita 119 a sa'a, ta zama mahaukaciyar guguwa, wadda ake kasawa mataki 1 zuwa 5. Sanarwar cibiyar iri biyu ce ga kowane rukuni. Akwai ta zama cikin shiri, ma'ana abin zai iya zuwa, ana fitar da ita kimanin sa'o'i 48 kafin iska mai ƙarfi ta fara. Akwai kuma ta gargaɗi, ma'ana ana sa ran zuwansa, wadda ke fitowa kimanin sa'o'i 36 kafin lokacin. A taswirar cibiyar launi ne ke bambanta su: ja shi ne gargaɗin mahaukaciyar guguwa, ruwan hoda shirinta, shuɗi gargaɗin ƙaramar guguwa, rawaya kuma shirinta. Ka riƙe jan nan, don a kansa maganar kuɗin Disney ta rataya.

Wani abin da zai ba mutumin ƙasar Hausa mamaki: da yawa daga cikin manyan guguwar nan tushensu yana wajenmu. Hadarin damina da ke ratsa yankin Sahel daga gabas zuwa yamma, idan ya fice ta gaɓar Senegal ya hau ruwan teku mai ɗumi, shi ne wani lokaci ke rikiɗa ya zama dodon da ake rufe gari saboda shi. Guguwar Irma ta 2017 kusa da tsibiran Kef Bade ta taso.

Ƙa'idar Disney gajeriya ce. Idan cibiyar ta fitar da gargaɗin mahaukaciyar guguwa a kan yankin Orlando, ko a kan garin da kake zaune, cikin kwana 7 kafin ranar isowarka, kana iya tuntuɓar su ka soke ko ka ɗage tafiyar ba tare da sun caje ka kuɗin sokewa ko na canji ba. Wannan ya shafi dunƙulallen tsarin otel da tikiti da ka saya daga hannun Disney kai tsaye, da mafi yawan ɗakunan otel ɗinsu da aka kama kai tsaye. A ranakun da babu guguwa, wanda ya soke dunƙulallen tsari a cikin watan ƙarshe kafin tafiya yakan yi asarar dala 200 da ya ajiye, wanda kuwa ya bari har jajibiri zai iya asarar duka. Wannan tarar ce ƙa'idar ke ɗauke maka.

Sharuɗɗan da ke ƙunshe cikin gajeriyar maganar su ne inda mutane ke tuntuɓe. Gargaɗin ƙaramar guguwa bai isa ba. Sanarwar zama cikin shiri ma ba ta isa ba, ko da gidajen labarai sun kwana suna nuna bishiyoyi na rangaji. Sannan kwana 7 ɗin nan da ake gani kamar wadata, ka tuna gargaɗin da kansa ba ya fitowa sai saura kwana ɗaya da rabi. Mai tasowa daga Abuja ko Akara ko Yamai, wanda zai yada zango a Turai ko Gabas ta Tsakiya, yana iya kasancewa a sararin sama lokacin da ja ya bayyana a taswira. Batun “garin da kake zaune” kuwa an yi shi ne don mazauna wuraren da cibiyar ke sa wa ido. Bahaushen da ke zaune a Houston ta jihar Texas zai iya cin moriyarsa idan guguwa ta nufi Texas alhali Orlando na lafiya lau. Na Kano ba shi da rabo a wannan sashe, don cibiyar Miami ba ta fitar da gargaɗi a kan Kano.

Sai maganar hannun da ya karɓi kuɗi. Idan ta hannun wani kamfanin tafiye-tafiye ko shafin intanet na dillalai ka kama ɗakin, Disney za ta mayar da kai wurinsu, kuma ƙa'idarsu ce za ta yi aiki a kanka. Haka tikitin jirgi da hayar mota da kuɗin inshora, ko da an cusa su cikin dunƙulallen tsarin, masu su ne ke da ta cewa. Rangwamen da dillali ya yi maka a watan Maris, a nan ake biyan farashinsa. Wanda ya zaɓi ɗagewa maimakon sokewa shi ma ya sani ba a yi masa alkawarin irin ɗakin da ya kama ba, ba a kuma yi masa alkawarin tsohon farashi ba. Idan sabbin ranakun sun fi tsada, cikon na wuyansa.

Universal ta fi sassauci a wannan fanni. Ƙa'idarta ta karɓi gargaɗin ƙaramar guguwa, ta kuma karɓi ayyana dokar ta-ɓaci a yankin Orlando ko garin mai tafiya cikin kwana 7 ɗin, ta haɗa har da tikitin shiga da aka saya kai tsaye daga gare ta. Wannan bambanci ba ƙarami ba ne, domin gwamnan Filorida yakan ayyana dokar ta-ɓaci kwanaki kafin cibiyar Miami ta kai ga fitar da gargaɗi. Iyali biyu da suka hau jirgi ɗaya, ɗaya zai sauka otel ɗin Universal ɗaya na Disney, za su iya samun amsa daban-daban a rana guda.

Duk waɗannan alkawura ne na kamfani, ba doka ba ce da majalisa ta zartar. Kamfani na iya sauya su, don haka abin da ke rubuce a shafinsu ranar da ka biya shi ne hujjarka, kuma ɗaukar hotonsa a waya ba ya cin komai. A aikace sukan yi abin da ya wuce rubutun idan abu ya yi tsanani. Lokacin da guguwar Ian ta sa aka rufe wuraren wasan Disney a ranakun 28 da 29 ga Satumban 2022, an tsawaita wa'adin tikitin kwanaki da yawa da mutane suka fara amfani da su har zuwa ƙarshen Satumban 2023. Alheri ne, amma alherin da ya fi amfanar mazaunin Amurka. Wanda ya zo daga wata nahiya, ba lallai ya sake samun kuɗin jirgi da biza cikin shekara guda don ya ci ragowar kwana biyunsa ba.

Shin rufewar tana yawan faruwa? Ba sosai ba. An buɗe Disney World a 1971, kuma sai a 1999 guguwa ta fara sa a rufe shi, lokacin Floyd. A 2004 an rufe sau uku cikin makonni kaɗan saboda Charley da Frances da Jeanne. Daga baya akwai Matthew a 2016, Irma a 2017, Ian a 2022, da Milton a Oktoban 2024. Yawanci kwana ɗaya ne ko biyu. Orlando tana cikin ƙasa, kimanin tafiyar sa'a guda a mota daga bakin teku, saboda haka tumbatsar teku ba ta kai mata, guguwa kuma kan rage ƙarfi kafin ta iso. Amma Charley ta nuna cewa hasashe na iya karkacewa: an sa ran za ta daki birnin Tampa, sai ta lanƙwasa ta sauka kudu da nan, ta bi ta kan Orlando da dare. Ian kuwa ruwa ta zubar har unguwanni suka nutse. Wannan hoton mai kama da mazurari da ake nunawa a labarai, hanyar da tsakiyar guguwar za ta iya bi kaɗai yake nunawa. Iska da ruwa na wuce gefensa da nisa.

Abin da ya fi faruwa ga mai hutu shi ne guguwar da ta gifta ta gefe. Wurin wasa a buɗe yake, sai dai ruwa ake yi, an tsayar da lilon da ke waje saboda walƙiya, an soke fareti da wasan wuta na dare, wuraren ninkaya irin su Typhoon Lagoon da Volcano Bay su ne kan gaba wajen rufewa. A irin wannan rana kada ka sa ran Disney ta mayar maka da kuɗin tikiti don ka jiƙe. Masu haƙuri da rigar ruwa sukan ce layi ya fi gajarta a ranakun.

Inda doka ta gaske ta shigo shi ne wajen jirgi. Ma'aikatar Sufuri ta Amurka ta fitar da ƙa'ida a 2024 wadda ta shafi duk jirgin da zai shiga Amurka, ko ya fita, ko ya yi zirga-zirga a cikinta, har da na kamfanonin waje. Idan kamfani ya soke jirginka, ko ya jinkirta shi sa'o'i 3 a tafiyar cikin gida ko sa'o'i 6 a ta ƙasa da ƙasa, kuma ka ƙi karɓar madadin da suka ba ka, dole su mayar maka da kuɗinka ta hanyar da ka biya. Wa'adin kwana 7 ne na aiki ga wanda ya biya da katin bashi, kwana 20 ga sauran hanyoyi. Cewa guguwa ce ta jawo ba ya wanke su daga wannan, kuma ba za su tilasta maka karɓar takardar tafiya ta wani lokaci a maimakon kuɗi ba. Idan ka danna ka amince da takardar ko da sabon jirgin, ka sarayar da haƙƙin.

Tarkon yana nan: dokar tana aiki ne idan su suka soke. Idan kai ka rigaye su saboda fargaba, alhali tikitinka irin wanda ba a mayar da kuɗinsa ne, ba ka da hujja. Shi ya sa a ganina mai hankali ba ya gaggawar sokewa. Yana jira ya gani ko kamfanin zai fitar da sanarwar sassauci ta canza rana kyauta, wadda sukan yi da guguwa ta matso, ko kuma su soke da kansu kamar yadda ya faru da aka dakatar da zirga-zirga a babban filin jirgin Orlando gabanin Milton. Dokar Amurka ba ta ɗora wa kamfani ciyar da kai ko kama maka ɗaki idan yanayi ne ya tsayar da jirgi. Ta Tarayyar Turai da ta Birtaniya sun ɗora, ga jiragen da ke tashi daga can da kuma jiragen kamfanoninsu masu shiga can, duk da cewa diyyar kuɗi ba ta hau kansu a irin wannan hali. Wanda zai komo ta Landan da kamfanin Birtaniya ya fi wanda zai bi ta wani birnin Amurka samun inuwa.

Inshorar tafiya kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Da zarar an raɗa wa guguwa suna, kamfanonin inshora na ɗaukarta abin da aka riga aka sani, inshorar da ka saya bayan nan ba za ta biya asarar da ta jawo ba. Ko wadda aka saya da wuri tana da jerin dalilan da ta amince da su, kamar soke jirgi ko lalacewar masauki, kuma “na ji tsoro” ko “an rufe wurin wasa” ba lallai su kasance ciki ba. Akwai mai tsada da ke ba ka damar fasawa kan kowane dalili, amma rabi zuwa kashi uku cikin huɗu na kuɗin take mayarwa, kuma sai an saye ta jim kaɗan bayan biyan kuɗin farko na tafiyar.

Wanda guguwa ta riska yana can, otel-otel ɗin Disney da Universal sukan ci gaba da aiki, a umarci baƙi su zauna cikin gini har ta wuce, sansanin tantuna na Disney mai suna Fort Wilderness ne ake kwashewa. Abinci kan zama na layi, don haka mai neman halal ko mai ƙananan yara ya tanadi guzurinsa tun shaguna na buɗe. Filorida na da dokar hana tsawwala farashi, sashe na 501.160, wadda ke fara aiki da zarar an ayyana dokar ta-ɓaci. Ta shafi abinci da ruwa da man fetur da masauki, ana kuma auna sabon farashin da matsakaicin na kwanaki 30 kafin ayyanawar. Wanda aka ninka masa kuɗin ɗaki ya riƙe rasit ya kai ƙara ofishin babban lauyan jihar.

Baƙon da ya shigo da biza ya duba ranar ƙarshen zamansa a takardar I-94, wato shaidar shigarsa Amurka. Soke jirgi ba ya matsar da wannan rana da kansa. Idan jinkirin zai kai ka bakinta, ka adana saƙon sokewar daga kamfanin jirgi, ka nemi tsawaitawa wurin hukumar shige da fice kafin ranar ta cika.