Wai mece ce "hypercar", kuma ina ta bambanta da "supercar"?

Idan kana bin shafukan motoci a TikTok ko YouTube, ko kana buga gem ɗin tseren mota a waya, babu yadda za a yi ba ka ci karo da kalmar hypercar ba. Wasu duk motar da suka ga ta kwanta ƙasa-ƙasa, ƙofarta na buɗewa sama, shikenan ta zama hypercar. A'a, ba haka ba ne. Amma kuma kar ka ɗauka akwai wata hukuma da ta zauna ta ja layi ta ce daga nan zuwa nan ne, babu. 'Yan jaridar motoci da su kansu kamfanonin ne suka yi ta faɗin kalmar har ta zauna a baki.

Supercar dai mota ce mai tsada mai gudun gaske, yawanci kujera biyu, inji a bayan direba, irin su Lamborghini Huracán ko McLaren 720S, kuma ana ƙera su da dubbai, in kana da kuɗinka za ka samu. Hypercar ita ce wadda ke saman wannan. Ƙarfin injinta na kaiwa doki 1,000, wato horsepower, ma'aunin ƙarfin inji, ko kusa da haka (Corollar da ke yawo a titunanmu ba ta wuce 130 zuwa 140 ba, ka ga tazarar), ɗaruruwa kacal ake yi a rufe, kuɗinta ya haura dala miliyan ɗaya, wani lokacin ma kuɗin ba ya isa, kamfanin ne zai duba tarihinka ya ga ko ka cancanci a sayar maka. Haka Ferrari ta yi da LaFerrari.

To me ya sa sai da aka nemo sabon suna? Kishi ne tsakanin kamfanonin, kowa na son ya ɗara ɗan'uwansa har tsohuwar kalmar ta yi kaɗan.

Abin ya samo asali ne a Italiya. Ferruccio Lamborghini mai ƙera taraktoci ne, attajiri, yana hawan Ferrari. Labarin da aka fi bayarwa shi ne kulocin motarsa ya dame shi, ya je ya kai ƙorafi wajen Enzo Ferrari, shi kuma Enzo ya raina masa hankali cewa ya koma kan taraktocinsa. Ran mutumin ya ɓaci, a 1963 ya buɗe nasa kamfanin a Sant'Agata Bolognese, ba nisa da Maranello inda Ferrari take. A 1966 ya fito da Miura, inji mai silinda 12 a bayan direba, wadda yawancin masana ke lissafa ta a matsayin supercar ta farko.

Daga nan aka yi ta ɗaga ma'auni. McLaren F1 ta Ingila, wadda direba ke zama a tsakiya fasinja biyu a gefensa, ta yi kilomita 386 a awa a 1998, guda 106 kawai aka ƙera. Sai Volkswagen ta sayi sunan Bugatti a wannan shekarar, shugabanta Ferdinand Piëch ya kafe cewa sai an yi motar da ta haura doki 1,000 ta kuma wuce kilomita 400. A 2005 Veyron ta fito, silinda 16, turbo huɗu, doki 1,001, gudu 407. Gaskiya a nan ne kalmar supercar ta fara gazawa, don ba za ka haɗa wannan da Porsche 911 a aji ɗaya ba. Amma shekarar da hypercar ta kama bakin kowa ita ce 2013, lokacin da LaFerrari da McLaren P1 da Porsche 918 Spyder suka fito kusan tare, dukkansu sun haɗa injin fetur da na lantarki, kowacce kamfaninta na cewa tasa ce gaba.

Yanzu ga inda rigimar take da daɗi. Masu wannan sana'a kusan kashi biyu suke, akwai masu sayar maka da lamba, akwai masu sayar maka da tarihi.

Masu lamba su ne Bugatti, da Koenigsegg ta Suwidin, da SSC da Hennessey na Amurka, da Rimac ta Kuroshiya. Su hujjarsu agogo ne kawai. A 2017 Koenigsegg ta sa aka rufe wani titi a jihar Nevada, motarta Agera RS ta yi kilomita 447 a awa, kuma matsakaicin zuwa da dawowa ne, wanda shi ne ƙa'idar da aka fi yarda da ita don kar iska ko gangare su taimaka maka. Bugatti ta rama a 2019 da Chiron, 490, sai dai hanya ɗaya ta bi ba ta dawo ba, shi ya sa har yau magoya bayan Koenigsegg ke cewa ba a yi ba. Ta SSC kuwa ta fi ban dariya. A 2020 suka sanar cewa Tuatara ta yi matsakaicin 508, suka saki bidiyo, sai masu bin ƙwaƙƙwafi a YouTube suka zauna suka auna tazarar alamomin titin da lokacin da motar ta ɗauka, lissafi ya ƙi haɗuwa, a 2021 kamfanin da bakinsa ya amsa cewa ba su kai wannan gudun ba. Sai ga 2025, motar lantarki ta Chaina, Yangwang U9 Xtreme ta kamfanin BYD, ta zo Jamus ta yi 496. Ka ji matsalar lamba kenan, yau taka ce gobe ta wani, wanin ma da ba ka taɓa sa shi a lissafi ba.

Ferrari ba ta cika shiga wannan gasar ba, kuma ni a ganina da gangan ne. Ita abin da take taƙama da shi, Enzo ya kafa tawagar tsere tun 1929, mota ta farko mai sunansa sai 1947, kuma sananne ne cewa yana sayar da motoci ne don ya samu kuɗin tsere, ba wai yana tsere don ya sayar da motoci ba. Ita kaɗai ce tawagar da ba ta taɓa fashin kakar Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, ba tun da aka fara a 1950. Kan wannan tseren ne ma cinikin sayar wa Ford kamfaninsa ya watse a 1963, don ya ga ikon sashen tsere zai fita hannunsa, shugaban Ford, Henry Ford na biyu, ya fusata ya zuba kuɗi aka ƙera GT40, ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa sau huɗu a jere, 1966 zuwa 1969, bayan Ferrari ta yi shida a jere kafin nan. Porsche ita ce ta fi kowa a can, sau 19. McLaren F1 ma zuwanta na farko a 1995 ta ɗauke kofin.

Da wannan ake yi wa Lamborghini gori. Shi Ferruccio tun farko ba ya son tsere, yana ganin ɓarnar kuɗi ce. Bayan kamfanin ya bar hannunsa sun yi injinan Formula 1 daga 1989 zuwa 1993, ko sau ɗaya ba su ci ba. Ita ma Bugatti mai lambar ta san darajar tarihi fa, sunan Veyron na Pierre Veyron ne, direban da ya ci mata Le Mans a 1939.

Akwai ma'ana ta biyu da ke rikita mutane. Tun 2021 babban aji a Le Mans da gasar duniya ta tseren dogon zango sunansa Hypercar, kuma wannan kam yana da doka a rubuce. Abin mamaki, motar wannan ajin ba ta kai ta titi ƙarfi ba, an ƙayyade ta a wajen doki 670, sannan masu shirya gasar kan ƙara wa wata nauyi su rage wa wata ƙarfi don kar mai kuɗi ya tsere wa kowa. Aston Martin Valkyrie ta titi ta haura doki 1,100, da za ta shiga gasar a 2025 sai da aka cire mata injin lantarki aka kuma rage na fetur ɗin. Don haka in ka ji mai sharhi ya ce hypercar ranar tsere, ba Chiron yake nufi ba, irin su Toyota GR010 da Ferrari 499P yake nufi.

Toyota ce ta ci 2021 da 2022. Ferrari, wadda rabonta da babban kofin tun 1965, ta dawo a 2023 da 499P ta ci, ta sake ci a 2024 da 2025. Lamborghini ta leƙo a 2024 da SC63, ko kusa da kofi ba ta je ba. Da Ferrari ta tashi fito da sabuwar hypercar ɗinta ta titi, F80, a ƙarshen 2024, sai ta ajiye inji mai silinda 12 da aka san ta da shi, ta sa mai silinda 6 ɗan gida ɗaya da na 499P. Masoyanta da yawa sun yi ta ƙorafi cewa ƙarar ba ta da daɗin kunne, kamfanin kuma ya nuna musu kofin Le Mans. Guda 799 za a ƙera, kowacce kusan yuro miliyan 3.6, kuma duk an riga an raba wa masu saye tun kafin a nuna wa duniya motar.