Ma'anar "kai tsaye" a tafiyar jirgin sama

Tun da aka fara maganar jigilar maniyyata, ba abin da kake ji a rediyo sai "kai tsaye". Jirgi zai tashi daga filin Sultan Abubakar na Uku da ke nan Sakkwato kai tsaye zuwa Madina. Wani ɗan siyasa har da bugun ƙirji, sai ka ce shi ya ƙera jirgin.

A wurin kamfanonin jirage abu biyu ne muka cusa cikin kalma guda. Akwai jirgin da ba ya sauka sai inda za shi. Akwai kuma wanda lambarsa ba ta canzawa, amma ya kan yada zango ya sha mai ko ya kwashi fasinja, shi ma kai tsaye ake ce masa. Wannan a tambayi mai sayar da tikiti, magana ta ƙare.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu zaton kai tsaye na nufin miƙaƙƙen layi a taswira. Shekaranjiya a teburin mai shayi, ƙanen mahaifina ya ga hanyar Dubai zuwa San Faransisko a waya, ta lanƙwasa ta bi ta ƙanƙarar arewacin duniya. Ya rantse zagaye suke yi don su ci kuɗin mutane. Na ce, "Baffa, ara mini lemon nan." Na ɗiga masa alama biyu da biro, na ja zare tsakaninsu ya yi tsam. Zaren bai bi ta cikin lemon kamar ɗamara ba, sai ya haura wajen hanci. Gajeriyar hanya ke nan a kan abu mai ƙwallo. Taswirar bango ce ke ruɗin ido, domin an ɓare duniya an shimfiɗa ta kamar fatar layya, dole gefe ya miƙe fiye da kima. Baffa bai gamsu ba, amma ya shanye lemonsa.

Abin mamaki, da wannan lissafin muke salla kullum. Alƙiblar Sakkwato gabas ce da ɗan karkata arewa, wajen digiri 71 in an auna daga arewa. Musulmin Niyok kuwa arewa maso gabas suke fuskanta, alhali a taswira Makka tana kudu da su.

Da ma'aunin zaren, daga nan zuwa Jidda kusan kilomita 3,700 ne, ta saman Nijar, Chadi, Sudan, a tsallake Bahar Maliya. To amma jirgi ba zare ba ne. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samanta, sai jiragen alhazanmu suka koma zagaye, tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru. Ba su sauka ko'ina ba, don haka rediyo ta ci gaba da cewa kai tsaye.