Sitaj a Jami'ar Damagaram

Sitaj, kalmar da Hausawan Nijar suka aro daga Faransanci, shi ne lokacin da ɗalibi ke barin aji ya je wata ma'aikata ko kamfani don ya koyi aiki da hannunsa kafin ya karɓi takardar kammala karatu. A Damagaram an buɗe cibiyar koyon fasaha ta IUT a 2008, wadda ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Zinder (wato Damagaram) da aka kafa a 2010, tare da na Maradi da Tawa. Yanzu jami'ar na ɗauke da sunan André Salifou, masanin tarihi ɗan garin wanda ya shugabanci Taron Ƙasa na 1991.

Yawanci ɗalibi ne ke rubuta takardar neman wuri da kansa, jami'a ta haɗa masa da wasiƙa. Idan an karɓe shi, sai a damƙa shi hannun wani ma'aikaci da zai sa masa ido na 'yan makonni ko watanni. A ƙarshe ya rubuta rahoto, sau da yawa kuma ya tsaya gaban malamai ya kare shi. Wuraren da ake nema sun haɗa da bankuna, ofisoshin gwamnati, kamfanonin sufuri, ƙungiyoyin agaji, da matatar mai ta SORAZ da ta fara aiki a 2011 a arewacin garin, mai iya tace ganga 20,000 a rana. Wuraren ba su kai yawan masu nema ba, shi ya sa sanayya ke yin tasiri, kuma 'yan sitaj da yawa ba sa samun ko kuɗin kabu-kabu.

Koyon kasuwanci a bakin aiki ba baƙon abu ba ne a garin da ayarin fatake ke sauka a unguwar Zango tun ƙarni na 19. Har gobe a kasuwar Dole yaron shago na farawa ne da shara da ɗaukar kaya, sai maigida ya yarda da amanarsa sannan ya bar masa aljihun kuɗi, daga baya ya sallame shi da jari. Ɗan sitaj ma haka yake hawa, sai dai shi lokacinsa gajere ne. Makon farko kwafar takardu ne da jera fayil. Wanda ya nuna natsuwa akan ba shi lissafin kayan sito ko bin sawun mota mai zuwa Kano ta Magarya.

A nan ne koyon shugabanci ke shigowa. Ɗalibin da ya haddace ka'idojin gudanarwa da Faransanci zai tarar da direba ko ɗan dako sa'an mahaifinsa, wanda ba a ba shi umarni kai tsaye. Sai ya gaishe shi, ya ce “Baba, don Allah a taimaka a loda wannan kafin azahar,” sannan aiki ya tafi.