'Yar tsanar da ake soka wa allura ba asalin vudu ba ce

A fina-finan 'yan sanda na Amurka da ake nunawa a talabijin, jami'in bincike zai shiga ɗaki ya tarar da gawa, ga kyandir na ci, ga 'yar tsana an soka mata allurai a ƙirji, nan take ya ce aikin vudu ne. An daɗe ana nanata wannan hoto har mutane da yawa suka ɗauka vudu tsafin kisa ne kawai. Ba laifin mai kallo ba ne, abin da aka nuna masa ke nan.

Kalmar ta fito ne daga harshen Fon na Jamhuriyar Benin, maƙwabciyarmu, inda vodun ke nufin iska ko abin bauta. Addinin gargajiya ne, wanda bayin da aka kwasa daga gaɓar tekun Afirka ta Yamma suka kai Haiti, wata ƙasa a yankin Karibiyan. Mabiyansa a can sun yi imani da mahalicci ɗaya da suke kira Bondye, kuma babban aikin jagororinsu shi ne neman waraka da ganyaye da wanka da addu'a. Soka wa mutum-mutumi allura kuwa tsohuwar al'adar tsibbu ce ta Turai. Labaran ban tsoron sun yaɗu ne musamman lokacin da sojojin Amurka suka mamaye Haiti, daga 1915 zuwa 1934.

Fahimtar abu ba yarda da shi ba ce, amma bai kamata mu jingina wa mutane abin da ba nasu ba. Idan fim ya nuna maka al'adar wasu, ka tambayi kanka: wa ya rubuta labarin? Sai ka nemi abin da masana tarihi da 'yan ƙasar suka rubuta da kansu, ka gwada.

Don Allah a tura wa 'yan uwa masu son irin waɗannan fina-finai.