Takin gwamnati ya iso, saura yadda za mu zuba shi

Assalamu alaikum 'yan uwa manoman ƙasar Daura, na Mai'adua da Zango da Ɓaure da Sandamu. Malaminku na gona ne, da wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk wanda ya yi noma a shekarun baya ya san wahalar taki. Da gwamnatin tarayya ta ƙulla yarjejeniya da Maroko a ƙarshen 2016, masana'antun haɗa taki da suka durƙushe suka farfaɗo, buhun takin NPK ya sauko Naira 5,500 a wancan lokacin. Yanzu kuma gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa tana sayar da taki da rangwame, ta kuma ɗauki malaman gona 722, biyu-biyu a mazaɓu 361 na jihar Katsina. Wannan abin a yaba ne, domin a da sai manomi ya shekara bai ga malamin gona a bakin gonarsa ba.

To amma buhu ya shigo gida, shi ke nan? A nan asarar take farawa. Na sha tsayawa a gona in ga mutum yana watsa takin yuriya kamar mai ba kaji tsaba, rana tsaka, ƙasa a bushe. Wallahi abin yana min ciwo. Kashi 46 cikin 100 na yuriya naitirojin ne, sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar, kuma idan aka bar shi a sarari zafi ya buge shi, wani kaso sai ya bi iska. Warin nan mai shiga hanci da kake ji, kuɗinka ne ke tafiya. Ga shi ƙasarmu jigawa ce, rairayi ba ya riƙe abinci, ruwa mai ƙarfi ɗaya sai ya gangara da shi inda saiwa ba ta kaiwa.

Don haka a fara yin noman firi, kada ciyawa ta ci rabon gero. A jira ƙasa ta yi laima. Sai ka sa sanda ka huda rami kamar faɗin yatsu huɗu daga gindin shuka, ka zuba takin da zai cika murfin kwalbar lemo, ka take da ƙafa ka rufe. NPK shi ne na farko, cikin mako biyu da tsirowa. Yuriya ta biyo baya idan shuka ta kai mako huɗu zuwa shida. Kada a zuba duka lokaci guda. Aiki ne mai cin baya, na sani, amma da mutum biyu ko uku ana gama shi, kuma buhu ɗaya zai kai ka inda watsawa ba za ta kai ka ba.

Takin turke da toka kada a raina su, takin turke ma shi ke sa ƙasa ta riƙe ruwa. Gonar da ƙuduji ya mamaye kuwa ta gaji ne, a sa mata wake irin SAMPEA ko gyaɗa irin SAMNUT na cibiyar binciken noma ta Samaru.

Masu kai buhunsu kasuwa tun kafin ya kwana, ban zo zargi ba. Na san yadda rumbu ke zama wayam da bazara, ga iyali. Roƙona, Baba, ko matsi ya sa dole, a bar rabi ya shiga ƙasa. Dillalin da ya saya a hannunka da arha, shi zai sayar wa maƙwabcinka da tsada.

Wanda bai san malamin gonar mazaɓarsa ba ya tambayi mai unguwa, ko ya leƙa ofishin KTARDA mafi kusa, wato hukumar noma da raya karkara ta jihar Katsina. A kira mu tun kafin a ɓalle bakin buhu, mu zo mu yi layin farko tare.